Alkawarin Da Ba A Tilasta Ba: Zaiba Da Sharar Asibiti

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a makon nan zan ɗan kauce daga babin tsarki da muke ciki, ko da yake in kun bi ni a hankali za ku ga ban yi nisa da shi ba.

Shekarun baya na yi jinyar wani ƙanena a wani asibiti, kwana tara ina shimfiɗa tabarma a gefen gadonsa. Ran nan da dare wata nas ta zo awon zafin jikin marasa lafiya, sai ma'aunin nan na gilashi ya suɓuce mata, ya faɗi ya fashe. Ɗan abin nan mai kama da narkakkiyar azurfa da ke cikinsa ya watse bisa siminti, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli suna gangarawa ƙarƙashin gadaje. Wani yaro da ke kwance tare da uwarsa ya sauko yana tura su da yatsa yana dariya. Da gari ya waye mai shara ya zo da tsintsiya, ya haɗa su da auduga da ledoji ya juye a garwa. Da hantsi kuwa sai ga hayaƙi yana tashi daga bayan katanga, daidai inda mata masu sayar da abinci suke zama. Babu wanda ya ga aibu a cikin wannan, har da ni. Ban san abin da idona ya gani ba sai da wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa nahawu yana yaro, yanzu kuwa likita ne, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ran nan malami ya koma ɗalibi.

Wannan abu mai ƙyalli shi ne zaiba. Larabawa suna ce mata zi'baƙu, daga nan muka aro kalmar. Ƙarfe ce, amma Allah Ya halicce ta narkakkiya, ba ta daskarewa a irin zafin da muke zaune cikinsa. In ta zube a ɗaki sai ta riƙa tashi a hankali ta zama tururi, wanda ba a ganinsa, ba a kuma jin warinsa, alhali kuwa wajen kashi 80 cikin 100 na abin da mutum ya shaƙa yakan ratsa huhu ya shiga jini. Inda take yin ɓarna shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. Ma'aunin zafi guda yana ɗauke da rabin giram zuwa giram ɗaya, ma'aunin hawan jini irin na da kuwa, mai tsayuwa kamar sanda, yana ɗauke da giram 80 zuwa 100. Abin da ya fi ba ni tsoro a bayanin likitan nan shi ne wuta ba ta cinye zaiba. In an ƙona ta, tashi take yi sama tare da hayaƙi, iska ta ɗauke ta, ruwan sama ya komo da ita ƙasa, ta gangara tafki ko kogi. A cikin laka ƙwayoyin halitta suna juya ta ta koma wani nau'i da ya fi na farko dafi. Ƙaramin kifi ya ci, babban kifi ya cinye ƙarami, tana taruwa tana ƙaruwa, har ta iso akushin mutum. In mace mai ciki ce, sai ta ƙetara zuwa ga ɗan da ke cikinta.

Duniya ta koyi wannan karatu da tsada a wani gari na masunta a ƙasar Japan, sunansa Minamata. Wani kamfani mai suna Chisso ya yi ta zubar da ruwan masana'antarsa mai zaiba cikin teku daga 1932 har zuwa 1968. Kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. A 1956 likitoci suka ba da rahoton wata baƙuwar cuta ga mutane: hannu na rawa, magana ta karye, gani ya ƙuntata, wasu su haukace su mutu. Aka haifi jarirai naƙasassu alhali uwayensu suna yawo kamar lafiyarsu ƙalau. Shekara 12 aka yi kafin gwamnatin ƙasar ta tabbatar a hukumance cewa zaibar kamfanin ce sanadi, mutanen da aka amince cutar ta kama su kuwa sun haura 2,000.

To, asibiti ba masana'anta ba ne, abin da ke cikin ma'auni guda kuma ɗan kaɗan ne. Amma da yayyafi kogi kan cika. A ƙasar Amurka, Hukumar Kare Muhalli ta miƙa wa majalisar dokoki rahoto a 1997, inda ta nuna cewa tanderun ƙona sharar asibitoci su ke fitar da kusan kashi 10 cikin 100 na zaibar da ayyukan mutane ke watsawa a iskar ƙasar. Tun a 1994 hukumar ta riga ta lissafa waɗannan tanderu cikin manyan masu fitar da wata guba da ake kira diyoksin, wadda ke samuwa in an ƙona irin robar da ake yin ledar ƙarin ruwa da bututunta. Watau gidan da aka gina domin warkarwa, ta ƙofar gaba yana ba da magani, ta ƙofar baya yana fitar da cuta. Wannan magana ta kunyata likitoci da nas-nas na ƙasar ƙwarai, kunya kuwa, kamar yadda muka sani, reshe ce ta imani, kuma ko a wurin wanda ba Musulmi ba ba ta zo da kome sai alheri.

Ran 24 ga watan Yuni 1998, Ƙungiyar Asibitocin Amurka, mai asibitoci wajen 5,000 a ƙarƙashinta, ta sa hannu a wata takardar fahimtar juna tare da hukumar nan. Ba doka ba ce, babu tara babu ɗauri ga wanda ya saɓa. Asibitoci suka ɗaukar wa kansu cewa kafin 2005 za su kawar da zaiba daga shararsu kusan gaba ɗaya, za su rage yawan shara da kashi 33 cikin 100 kafin wannan shekara, da kashi 50 kafin 2010. Hukuma kuma ta ɗauki nauyin koyarwa da ba da shawara. Ƙungiyar nas-nas ta ƙasar ta shigo cikin aikin daga baya, da wata ƙungiya ta masu neman a yi jinya ba tare da cutarwa ba, wadda aka kafa a 1996. Aikin da aka yi ba mai ban mamaki ba ne. Kowane asibiti ya bi ɗaki ɗaki, ya ƙirga duk inda zaiba take, daga ma'aunai har batura da fitilu da kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, ya rubuta. Sa'an nan aka umarci masu sayen kaya su daina sayo mai zaiba in akwai madadinsa, aka riƙa yabon wanda ya gama a bainar jama'a. An sami masu ja, galibi likitocin da suka ce babu ma'aunin hawan jini mai gaskiya kamar na zaiba, kuma maganarsu tana da tushe, domin na allura da na lantarki sai ana duba daidaitonsu lokaci lokaci. Har yau ma in likita ya ce maka jininka 120 bisa 80 ne, da tsawon zaiba a cikin bututu yake lissafi, ko da babu ɗigonta a na'urarsa. Shekarar 2005 ta zo ba a kawar da ita ƙarƙaf ba, amma binciken da aka yi a shekarar ya nuna wajen huɗu cikin biyar na asibitocin da suka ba da amsa sun rabu da ma'aunin zafi mai zaiba.

Watakila wani ya ce, Malam, me ya kai filin addini ga labarin asibitocin Nasara? Amsa ita ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci wani ƙawance a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana a Makka tun kafin a aiko shi, inda manyan Ƙuraishawa, suna mushirikai, suka yi wa juna alkawarin tsayawa tare da wanda aka zalunta. Babu sarkin da ya tilasta su. Bayan zuwan Musulunci kuma ya yabi wannan ƙawance, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Saboda haka in mun ga mutane sun haɗa kai don ɗauke cuta daga bayin Allah, ba mu tambayar garinsu kafin mu ɗauki darasi. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakon juna a kan aikin kirki da taƙawa, ayar da ke gabanta kuwa, watau ta farko a surar, umarni ce da cika alkawura.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne wannan kalma ta "son rai", domin mutane da yawa suna ɗaukarta da ma'anar in na ga dama in yi, in na ga dama in bari. A fiƙihunmu na Malikiyya ba haka abin yake ba, ta fuska biyu.

Ta farko, ɗauke cuta daga maƙwabci tun asali ba nafila ba ne. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, kuma duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta inda aka hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne, kamar haƙa ramin da zai yi wa maƙwabci lahani. A Muhtasar, Shehu Halilu ya kawo cewa alƙali yana hukunta hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, in suna cutar da na kusa. In hayaƙin itace, wanda iyakarsa ya sa ido hawaye ya baƙanta bango, shari'a ta ba maƙwabci ikon kai ƙara a kansa, ina ga hayaƙin da ke taɓa ƙwaƙwalwar jinjiri tun yana ciki? Malamai kuma sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanya wani ya faɗa, ko da ba shi ya tura shi ba, domin shi ne sanadi. Wanda bai sani ba yana da uzuri, kamar mai sharar nan da ni a daren nan. Daga ranar da sani ya zo, uzuri ya tafi. Don haka abin da yake na son rai a yarjejeniyar Amurka shi ne hanya da lokaci da sa hannu. Asalin barin cutarwa kuwa wajibi ne tun kafin a kafa wata hukuma.

Ta biyu, ko abin da yake nafila tsantsa, in mutum ya shiga cikinsa, hukuncinsa yakan sake. Wanda ya ɗauki azumin nafila ya karya da gangan ba da uzuri ba, a mazhabarmu sai ya rama. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa wanda ya lazimta wa kansa wani aikin alheri, to, ya zama dole a kansa muddin bai mutu ko ya tsiyace ba. Malam Haɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 954 bayan Hijira, littafi sukutum ya rubuta a kan wannan babi. Mashahurin zance a mazhaba shi ne, in ka yi wa mutum alkawari a kan wani dalili, shi kuma ya shiga abin saboda dogaro da maganarka, kamar ka ce rushe ɗakinka zan ranta maka kuɗin gini, ya kuwa rushe, to, alƙali zai tilasta ka cikawa. A ganina shugaban asibitin da ya sa hannu a gaban hukuma ya shiga wannan babi, domin hukuma ta sassauta masa bisa ga maganarsa, jama'a kuma sun saki jiki. Takardar ba ta da ƙarfi a kotun Amurka, amma a ma'aunin malamanmu tana da nauyi.

Amma fa kada in ruɗe ku da cewa kyakkyawar niyya kaɗai ta yi wannan aiki. A 1997, shekara guda kafin sa hannu, hukumar ta riga ta kafa doka mai tsanani a kan hayaƙin tanderun asibitoci, har yawancinsu suka ga rufe tanderun ya fi musu sauƙi da gyara shi. Daga wajen 2,400 a lokacin, bayan shekara goma sha ba su kai 100 ba. Garin Dulut a jihar Minesota ya hana sayar da ma'aunin zafi mai zaiba a shekara ta 2000, wasu garuruwa da jihohi suka bi. Watau ana lallashi da hannun dama, bulala tana hannun hagu. An jingina wa Sayyidina Usmanu, Allah Ya yarda da shi, magana mai ma'anar cewa akwai waɗanda ikon mai mulki yake hana su abin da wa'azi bai hana su ba. Gaskiya ne. Sai dai ikon mai mulki yana da iyaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya taras da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Tarin hatsi ana iya cusa masa hannu. Wane ma'aikacin hukuma ne zai tsaya a kan kowace garwar shara, a kowane ɗakin jinya, da ƙarfe uku na dare? Muna yara, in aka ce ga duba-gari ya shigo unguwa, sai ka ga mata suna ta wanke randa suna share magudana, in ya wuce kuwa sai wata shekara. Tsoro yana share gida na yini guda.

Ga inda maganar ta iso ƙofarmu. A watan Oktoba 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a kan zaiba, suka sa mata sunan Minamata don tunawa da mutanen garin nan. Ta fara aiki ran 16 ga Agusta 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Yarjejeniyar ta sa 2020 ta zama shekarar daina ƙera ma'aunin zafi da na hawan jini masu zaiba, da daina shigo da su ko fitar da su, ban da ƙasashen da suka nemi a ƙara musu wa'adi. Ku lura, ƙera da shigowa aka hana. Waɗanda suka riga suka shigo, suna cikin sito da aljihun teburin nas da akwatunan gidajenmu, dokar ba ta bi su ɗaya ɗaya ba. An rufe ƙofar gari, amma abin da ke cikin ɗaka an bar wa masu ɗaka da amanarsu.

A nan ne haɗin kai da hukuma ya zama ba makawa. Shugaban asibitin da ya ji wannan wa'azi ya tashi da zafinsa ya kwashe tsofaffin ma'aunai ya watsar a juji, ya yi ɓarnar da ta fi ta barinsu a inda suke. Abin da ake so ya ƙirga su, ya rubuta, ya adana su cikin mazubi mai murfi wanda ba ya fashewa, a ɗaki mai kulle nesa da marasa lafiya, sa'an nan ya je da ƙafarsa ya gaya wa ma'aikatar lafiya da hukumar muhalli abin da ke hannunsa, a yi shawarar inda za a kai. Ba kuwa zai je ba in ya san faɗin gaskiya tara zai jawo masa, ko ya buɗe ƙofar a riƙa zuwa karɓar na goro. Saboda haka rabin nauyin yana wuyan ma'aikacin hukuma. Imamu Gazali, da yake jera matakan hisba, ya sa sanar da wanda bai sani ba a gaba, sa'an nan nasiha da taushi, kafin a kai ga tsawa da hanawa da hannu. Ma'aikacin da ya fara da mataki na ƙarshe, ɓoyo kawai zai koya wa mutane.

Sauran shara ma haka take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti irin ta gida ce, takarda da ragowar abinci da makamantansu, kashi 15 ne mai haɗari. In an cakuɗa su a garwa ɗaya, duka sun zama masu haɗari, sai a ƙone duka. In kuwa an raba tun daga gefen gado, allura a akwatinta, mai jini a mazubinsa, magungunan da suka lalace a nasu, abin da ke bukatar kulawa ta musamman ya ragu ƙwarai, kuɗin ma ya ragu. Wannan rabawa ba injin da ke yin ta, hannun nas ne da na mai shara. Shi mai sharar nan, wanda albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta kuma shi ya fi kowa kusa da gubar, yana da hakkin a ba shi safar hannu da takalmi, a kuma zaunar da shi a koya masa. Attajiranmu kuma, Allah Ya saka musu, suna gina masallatai har wani yana jin kiran sallar wani. Da ɗayansu zai saya wa asibitin ƙauyensu ma'aunai marasa zaiba da batura da mazuban shara, ina kyautata zaton ba za a rasa wannan a babin sadaka mai gudana ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ƙi zuwa asibiti. Ma'aunin da bai fashe ba ba ya cutar da wanda aka auna da shi, kuma neman magani umarni ne. Amma in ya fashe, a gida ko a asibiti, a fitar da yara da masu ciki, a buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya domin farfasa ƙwayoyin take yi su ƙara tashi. A cire zobe, musamman mata masu zinariya, don zaiba tana kama ta. A sa safar hannu ko leda, a tattara ƙwayoyin da takarda mai kauri, a haska tocila a ƙasa a nemo waɗanda suka ɓuya, a zuba cikin kwalba mai murfi a rufe gam. Kada a zuba a masai ko magudana, kada kuma a jefa a wuta.

Da na ba ɗalibaina wannan labari a aji, wani ya tambaye ni ko zaiba najasa ce, ko wanda ta taɓa tufarsa zai iya salla da ita. Na ce masa ba najasa ba ce, domin ma'adinai a wurin malamanmu masu tsarki ne, har wanda yake dafi a cikinsu, kuma taɓa ta ba ya warware alwala. Sallarsa ta yi. Amma tufar da zaiba ta zube a kanta ba a wanke ta tare da sauran kaya, ba a kuma mai da ita jiki. Ƙulle ta ake yi cikin leda a ajiye tare da kwalbar nan. Allah ne Mafi sani. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan hukuncin ruwan da wani abu ya canja launinsa ko ɗanɗanonsa.